Gwangwanin da Aka Hana Ruwa

Jiya a ɗakin malamai, ina zaune ina huda gindin gwangwanayen madara da ƙusa, na ji ɗayanku yana cewa wai kimiyyar firamare ai wasan yara ce, gwangwani da wake kawai. Malam Anas, kai ne ka faɗa, kada ka sunkuyar da kai, na san muryarka. Sauran kuma kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba a lokacin, don da na buɗe baki, abin da zai fito ba zai yi wa kowa daɗi ba. Yau na ɗan huce, kaɗan dai, saboda haka ku ja benci ku zauna. Shekara talatin da ɗaya ina wannan wasan yaran, takwas a Nguru, sauran a nan Gashuwa, kuma bana ce shekarata ta ƙarshe. Gwangwanayen nan hannun ɗayanku za su koma, abin da ya hana ni yin shiru ke nan.

Aikin ba ranar buɗe makaranta yake farawa ba. Tun ana hutu nake bin masu shayi a tasha ina roƙon gwangwani, ni da girmana, ana kallona kamar 'yar gwangwan. Ashirin da huɗu ajin ke bukata, kuma dole duk su zama girma ɗaya. In wanke, in huda kowanne huda uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Ƙasa daga wuri ɗaya nake ɗiba, in tankaɗe da rariya, in shanya a kan buhu kwana uku cur, domin ƙasar watan Satumba da sauran laimar damina a jikinta, in ka zuba ta haka to ka riga ka ba waken ruwa ba ka sani ba. Wake daga mudu ɗaya, wurin mutum ɗaya, in zauna in tsince waɗanda ƙwaro ya huda. Ma'aunin ruwa murfin kwalbar lemo. Ma'aunin tsawo tsinken tsintsiya da na yi wa zane da biro, tunda rula uku gare mu a aji mai yara sittin da ɗoriya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo ran Litinin da alli kawai a aljihu, to allo zai cika da rubutu, ba abin da ya wuce haka.

Ran farko sai in kasa yara kashi goma sha biyu, kowane kashi gwangwani biyu. Ƙasa ɗaya, wake uku-uku, zurfin rami gaɓar yatsa ɗaya, taga ɗaya, rana ɗaya. Gwangwani guda ana ba shi ruwa murfi huɗu kowace safiya. Ɗayan kuwa in shafa masa jan fenti, shi ba ya samun ko ɗigo. Shi ke nan darasin: abu ɗaya tak ake canzawa, a bar sauran yadda suke, sannan a auna. Littafi yana da doguwar kalmar Turanci ta wannan, na sha jin ajin wasunku suna rera ta, “bariyabul, bariyabul,” har bango yana amsawa. Tare ɗaya daga cikinsu a bakin famfo ka ce me ake nufi, sai ya yi ta kallon ƙafarsa. Ni tambaya uku nake yi musu, kullum, har su gaji da ni: me muka canza, me muka bari yadda yake, me muke aunawa? In yaro ya ce, “Malama, ai wannan ya fi tsawo, ga shi ana gani,” in ce ido ba mudu ba ne, kimarsa kuma ba ta ishe ni ba, ɗauko tsinke.

Ni ma ba da wannan aka haife ni ba. Mahaifina ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Haɗeja suka zo Nguru, ni ce ta farko a gidanmu da ta riƙe takardar malanta, kuma na fito da ita ina jin kaina kamar yadda kuke jin kanku yanzu. Aka haɗa ni da wani dattijon malami, Malam Bukar, mutum marar yawan magana. Darasina na farko a gabansa lilo ne: a ɗaura ƙwallon goruba a zare, a rataye a bakin ƙofa, a sake shi, yara su ƙirga zuwa da dawowarsa. Ina son in nuna musu dogon zare ya fi gajere jinkirin dawowa. Na ɗaura ƙaramar goruba a gajeren zare, babba a dogon, don a ganina ya fi kyan gani. Aka ƙirga, aka samu bambanci, yara suka tafa, ni kuwa sai washe baki nake. Malam Bukar ya bari sai da aka tashi. Sannan ya kira ni, ya ce, “Binta, in kika ƙara gishiri kika ƙara kanwa lokaci guda, miya ta ɓaci, wa za ki zarga?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “To su ma yaran ba su sani ba. Zare ne ko goruba? Gobe ki sake, kuma ki faɗa musu da bakinki cewa ke kika yi kuskure.” Na ji haushinsa kwana biyu. Na sake, na faɗa musu, kuma ban mutu ba.

Iyaye kuma nasu daban. Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa da ya tako har aji, yana riƙe da rigar makarantar 'yarsa da ta ɓaci da ƙasa, ya ce boko ya turo ta ba noma ba. Akwai manomin da ya ce in shuka wake ne karatun, a ba shi ɗansa ya koya masa a gona, ba sai ya ɗinka masa yunifom ba. Na ce masa, “Baba, kai ka fi ni sanin wake nesa ba kusa ba. Amma in mai taki ya ce maka takinsa ya fi na kowa, ta yaya za ka gane ko takin ne ko kuwa bana ruwa ne ya yi kyau?” Ya ce sai dai a raba gona biyu. Na ce to abin da nake koya wa ɗanka ke nan. Ya tafi yana ƙunƙuni, amma ya bar yaron.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ta ci ni, don ku san abin da ke cikin gwangwanin da kuke wa dariya.

A wata makaranta ce a nan garin, ba wannan ba. An kawo mana sabon hedimasta, mutum mai son aji tsaf, yara shiru, littafi cike da rubutu. Tun ranar da ya ga ƙasa a kan tagata ya ɗaure fuska. Ya kira ni ofis ya ce mai duba makarantu zai zo a mako na biyu, kuma in ƙazantar nan tawa ta ba shi kunya, zai karɓe kimiyyar aji biyar daga hannuna ya ba mai bin littafi. Na ce na ji. Ban damu ba, don wake bai taɓa ba ni kunya ba.

Muka shuka ran Litinin. Tagar ajin ba ta da murfi, a kan dakalinta muka jera gwangwanayen. Ban-ruwa na damƙa wa wata yarinya, Falmata, 'yar wani manomin shinkafa daga wajen Dagona da ke zaune wurin gwaggonta a gari. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta zubar da ko ɗigo. Ran Juma'a da safe na shigo aji na tarar da yara sun cika a taga suna surutu. Na leƙa. Masu ruwa sun tsiro, kamar yadda ya kamata. Jajayen ma sun tsiro, duk goma sha biyun, sun ɗago kai shar da su.

Raina ya ɓaci, kuma na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ban tsaya na yi tambayoyin nan uku da nake damun yara da su ba. Na juya kan Falmata a gaban kowa, na ce ita ta ba su ruwa, tausayin 'yan ƙauye ya ɗebe ta, na karɓe murfin daga hannunta. Ta rantse, na ce ta rufe mini baki. Ba ta yi kuka ba. Da aka tashi tara ta biyo ni, ta tsaya daga nesa, ta ce, “Malama, ki taɓa ƙasar jajayen tun da safe kafin kowa ya zo, a jiƙe take. Yau na riga kowa zuwa, na taɓa. In kin yarda in kawo toka daga gida, ran Lahadi da yamma mu barbaɗa a gindin taga ta waje.” Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ke koya mini sana'ata. Na ce ta kawo.

Ran Litinin da sassafe muka zagaya bayan aji, ni da ita da yaran da suka riga zuwa. Ga sawun takalmin taya nan raɗau a kan toka, ga kuma da'irar gindin buta inda aka ajiye ta. Mutum ɗaya ne a makarantar mai wannan takalmi da wannan buta, kuma kowane yaro ya san shi. Baba Maina ne, maigadi, tsohon manomi da ƙarfinsa ya ƙare ya dawo gari yana gadi.

Na same shi a bakin ƙofa yana gyara tabarmarsa. Na gaishe shi, don komai fushina ba zan tsallake gaisuwar sa'an ubana ba. Sannan na ce, “Baba, kai kake zuba wa jajayen gwangwanaye ruwa?”

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Ni ne, 'yata. In na idar da sallar asuba, ragowar ruwan buta nake ba su. Na ga yaran nan suna mantawa da su kullum, suna ba na kusa da su suna tsallake su. Ban faɗa miki ba don kada ki doke su.”

Na ce ba mantuwa ba ce, da gangan muka hana su.

Ya dube ni kamar na ce na kashe mutum. Ya ce, “Da gangan? A sa iri a ƙasa a hana shi ruwa? Haba Malama. Shekara hamsin ina roƙon Allah ruwa saboda iri, yau ga ruwa a buta, ga iri yana ƙishi a gabana, in wuce? Ni ba zan ɗauki alhakin wake ba.”

To ku faɗa mini, ku masu sabuwar takarda, a wane shafi na littafinku aka rubuta wannan? Na tankaɗe ƙasa, na shanya ta, na tsince ƙwaro, na daidaita rana da inuwa, na manta cewa a garin manoma nake, inda mutum ba zai iya ganin shuka na ƙishi ya wuce ba. Laifin nawa ne, ni ce ban je na yi masa bayani ba tun ranar farko. Na koma aji na ba Falmata haƙuri a gaban duk waɗanda na ci mutuncinta a gabansu, na mayar mata da murfinta.

Saura kwana biyu mai dubawa ya zo. Shanya ƙasa kwana uku, tsiro kwana biyar, ba yadda za a yi a sake. Labarin tsiron ya kai kunnen hedimasta, amma bai san wanda ya yi ba. Ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya ce, “Malama Binta, abin ai mai sauƙi ne. Bayan an tashi ki tuge na jajayen, ki shafe ƙasar. Jibi baƙo ya ga abin da littafi ya ce zai gani, kowa ya huta.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, yara sittin sun ga tsiron nan da idonsu, sun auna, sun rubuta. In suka zo gobe suka ga babu, me na koya musu? Cewa in gwaji bai ba ka abin da kake so ba sai ka gyara shi da hannu?”

Ya ce to in faɗa masa wanda ya ɓata aikin, a rubuta sunansa, ni in fita. Kowa a makarantar ya san hedimasta yana neman hanyar sallamar Baba Maina, don yana da wani ɗan'uwa da yake son ba wa gadin. Sau biyu awaki suna shigowa, sau biyu yana ce masa saura ƙiris. In na ambaci sunansa, ranar zai naɗe tabarmarsa, shi da matarsa da jikoki uku da yake riƙo. Saboda ragowar ruwan alwala. Na ce ni ce mai aji, laifin nawa ne, ba ni da wani suna da zan bayar. Ya ce, “To ke kika zaɓa.”

Ran Laraba baƙo ya zo da jakarsa da littafinsa, hedimasta yana biye da shi. Ya dubi gwangwanaye, ya dubi abin da na rubuta a littafin darasi, ya ce wa yara, “Wato kun gano wake yana tsirowa ba ruwa ke nan?” Falmata ta ɗaga hannu. Ta miƙe ta ce, “A'a, yallaɓai. Mun so mu canza abu ɗaya, ruwa. Sai aka ba jajayen ma ruwa, saboda haka ba abin da muka canza. Gwajin bai nuna komai ba, sai mun sake.” Wallahi a shekara talatin da ɗaya ban ji amsar da ta fi wannan ba. Da mutumin ya san aikinsa, da nan ya rufe littafinsa ya ce darasi ya shiga. Amma shi abin da ya ji kawai “bai nuna komai ba.” Ya ce wa ya ba su ruwan? Ajin ya yi tsit. Hedimasta ya daka tsawa, ya maimaita. Ban ce musu su ɓoye ba, ko da wasa ban faɗa ba. Yara sittin da ɗoriya, kowannensu ya ga sawun takalmin nan ko ya ji labarinsa, ba wanda ya ko kalli wajen ƙofar makaranta. Su ma 'ya'yan manoma ne, sun san abin da ya sa tsohon ya yi.

Baƙo ya rubuta cewa malama ba ta iya riƙe aji ba, kuma ta ɓata mako biyu a kan abin da ba shi da sakamako. Washegari aka karɓe ajin. Aka ba ni aji ɗaya, ina koyar da baƙaƙe ina share majina, shekara huɗu. Ba raina aji ɗaya nake ba, aiki ne mai wuya, amma ba shi na koya ba. Wanda aka ba aji biyar ya sa aka watsar da gwangwanayena a bayan makaranta, ya zana biyu a allo da alli, ɗaya da ganye ɗaya babu, yara suka kwafa. Ta tagar sabon ajina nake jin su suna rera kalmar nan. Falmata da 'yan ajinsu har suka gama firamare ba su sake gwajin ba. Wannan shi ne abin da ban yafe ba, kuma kada wani ya ce mini in yi haƙuri ya wuce. A wurina bai wuce ba.

Baba Maina bai san komai ba. Ya ga dai an canza mini aji, ya ɗauka haka ake yi. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, ina fita da rana, ya tare ni a bakin ƙofa da ƙullin leda. Ashe ya tsince gwangwanayen da aka watsar, ya dasa waken a bayan ɗakin gadinsa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, yana ba su ragowar buta kullum. Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, “Ga wakenki, 'yata. Kin gani? Da na biye miki an bar su da ƙishi, da yau ba ki da na sa wa a tukunya.”

Na tsaya riƙe da ledar. Raina yana tafasa, bakina cike da magana, ga tsoho yana jiran in yaba masa. Na ce, “Na gode, Baba. Allah Ya saka da alheri.” Waken bai fi cikin tafi biyu ba. Na kai gida na dafa da shinkafa na ci, kuma har ya bar duniya ban faɗa masa nawa na saye shi ba.

Da aka ɗauke hedimastan aka mayar mini da ajina, na ƙara abu ɗaya a cikin shirin da Malam Bukar ya koya mini. Ku ƙirga gwangwanayen nan da ke gabanku. Ashirin da biyar ne, ba ashirin da huɗu ba.

Malam Anas, ungo ƙusa, saura guda tara ba a huda ba. Huda uku-uku, kuma zan duba. In ka gama, ka ɗauki na ashirin da biyar ɗin, ka cika shi da ƙasa, ka sa wake uku, ka kai wa maigadi. Ka gaishe shi da kyau, ka zauna ka yi masa bayanin jajayen har ya gane, ka ce masa alhakinsu a wuyanka yake ba a nasa ba. Sannan ka ba shi nasa ka ce wannan shi zai riƙa ba wa ruwa. Sai ka gama wannan za ka shiga aji.